Shekarar 1963 da Tarihin Dashen Hanta: Daga Denver Zuwa Greensboro

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A wannan fitowa ta mujallarmu ina so mu ɗan waiwaya, mu dubi tarihin wani aikin tiyata da yawancinmu ba mu taɓa kawowa a ranmu zai shafe mu ba, wato dashen hanta. Ni dai ba likita ba ne. Ɗalibin tarihi ne da ke karatu a Greensboro ta jihar Karolina ta Arewa, ɗaya daga cikin garuruwan Amurka da 'yan Nijar suka fi yawa, ga kuma 'yan Najeriya da 'yan Gana daidai gwargwado.

Abin da ya ja hankalina ga wannan batu shi ne, ciwon hanta ya yi mana katutu, kuma duk lokacin da aka ce wani ɗan'uwa ya shiga layin dashe, tambayoyi iri ɗaya za ka ji ana yi a wurin suna ko bayan sallar Juma'a. Anya ana rayuwa kuwa? Hantar wa za a sa masa? Ya halatta? Yaushe zai koma bakin aiki? Da na bi diddigi sai na tarar amsar kowace tambaya tana da tarihinta. Haka kuma na fahimci cewa ita fiɗar kanta, duk da girmanta, ita ce zango mafi gajarta a tafiyar. Abin da ke gabanta da abin da ke bayanta su ne suka ɗauki likitoci shekara 20 kafin su shawo kansu, kuma su ne za su fi ɗaukar lokacin majiyyaci da iyalinsa.

Hanta da Aikinta

Hantar baligi ta kai nauyin kilo ɗaya da rabi, tana zaune a ɓangaren dama na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Ita ke tace jinin da ya taso daga hanji, ita ke sarrafa magani da guba, ita ke yin ruwan matsarmama da ke narkar da maiƙo, ita ce kuma ke haɗa sinadaran da ke sa jini ya daskare idan mutum ya yanke. Idan ƙoda ta gaza, akwai na'urar wankin ƙoda da za ta iya riƙe mutum shekara da shekaru. Hanta kuwa ba ta da irin wannan na'ura da za ta maye gurbinta na dogon lokaci. Shi ya sa idan ta ƙandare ta daina aiki, har ido ya yi shawara, ciki ya tara ruwa, mutum ya fara aman jini ko ruɗewar tunani, sau da yawa ba abin da ya rage illa a canja ta.

Denver, 1963

An fara cin nasarar dashen ƙoda tun 1954 a Boston, lokacin da Joseph Murray ya ɗauki ƙodar wani matashi ya sa wa tagwaininsa. Amma hanta ta fi ƙarfin likitocin wancan zamani, domin manyan jijiyoyin jini ne suka kewaye ta, kuma mai ciwon hanta jininsa ba ya tsayawa.

Ranar 1 ga Maris 1963, a birnin Denver na jihar Colorado, wani likitan fiɗa mai suna Thomas Starzl, wanda ya shafe shekaru yana gwada aikin a jikin karnuka, ya yi yunƙurin farko a jikin ɗan Adam. Majiyyacin yaro ne ɗan shekara 3 da aka haifa da toshewar hanyar matsarmama. Jini ya ɓalle, aka rasa yadda za a tsayar da shi, yaron ya cika a kan teburin tiyata. Starzl ya sake gwadawa a kan wasu manya a cikin wannan shekara, amma babu wanda ya yi wata guda a raye. Ganin haka sai likitoci suka dakatar da aikin da kansu, suka koma ɗakin bincike.

Sai a Yulin 1967 Starzl ya dawo fage. A wannan karo ya yi wa wata yarinya 'yar shekara ɗaya da rabi mai ciwon dajin hanta, ta kuma rayu fiye da shekara guda kafin ciwon dajin ya dawo ya yi ajalinta. Wannan shi ake lissafawa a matsayin dashen hanta na farko da ya yi nasara, kuma ya riga dashen zuciyar da Christiaan Barnard ya yi a Afirka ta Kudu da 'yan watanni. A 1968 Roy Calne ya fara nasa a Cambridge ta Ingila.

Greensboro, 1963

Yanzu bari mu baro Denver mu dawo nan gida Greensboro, domin a daidai wannan shekara ta 1963 ana wani fafatawar a nan, wanda ba don shi ba da duk ƙwarewar Starzl ba za ta amfani mai irin fatarmu ba.

Duk wanda ya san garin ya san Irving Park, unguwar masu hannu da shuni da aka fara ginawa a farkon shekarun 1910 kewaye da filin wasan golf. A bakin wannan unguwa, kan titin North Elm, akwai asibitin Moses H. Cone, wanda aka buɗe a 1953 da dukiyar da iyalin wani hamshaƙin mai masaƙa suka bari. Ina yawan bi ta gabansa, kuma a yau za ka ga baƙi da fari, likita da majiyyaci, suna shiga ta ƙofa ɗaya. A da ba haka abin yake ba. Asibitin Cone kan karɓi baƙar fata 'yan ƙalilan ne bisa sharuɗɗa, ba ya kuma barin likita baƙar fata ya duba majiyyacinsa a ciki. Asibitin Wesley Long kuwa ba ya karɓar su sam. Baƙaƙe suna da nasu ƙaramin asibiti mai suna L. Richardson, wanda sau da yawa gado ba ya isa.

Shekaru uku kafin nan, ranar 1 ga Fabrairu 1960, ɗalibai huɗu na kwalejin A&T suka zauna a teburin cin abinci na kantin Woolworth da aka keɓe wa farare, suka ƙi tashi. Wannan labari kowa ya san shi. Wanda ba a cika ba da labarinsa ba shi ne na wani likitan haƙori, George Simkins, shugaban ƙungiyar NAACP reshen Greensboro. Wani majiyyacinsa ya zo masa da haƙori ya yi ruwa ga zazzaɓi mai zafi, yana bukatar a kwantar da shi. Asibitin baƙaƙe ya cika, sauran biyun kuma suka ƙi. Daga nan Simkins ya tara 'yan'uwansa likitoci da wasu majiyyata, suka shigar da ƙara a 1962.

Hujjarsu mai sauƙi ce. Asibitocin biyu sun karɓi kuɗin gwamnatin tarayya a ƙarƙashin dokar Hill-Burton ta 1946 sun yi gini, kuma kuɗin haraji na kowa ne. Kotun farko ta ce asibitocin na masu zaman kansu ne, ta yi watsi da ƙarar. Amma ranar 1 ga Nuwamba 1963 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, da rinjayen alƙalai 3 a kan 2, ta ba su Simkins gaskiya. A Maris 1964 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙorafin asibitocin, hukuncin ya tabbata. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 da shirin inshorar lafiya na Medicare da ya fara aiki a 1966 suka ƙarasa aikin a faɗin ƙasar, domin duk asibitin da ke son kuɗin gwamnati dole ya daina wariya. A 2016 hukumar asibitin Cone ta fito fili ta nemi afuwar Dakta Alvin Blount, wanda shi kaɗai ya rage a raye cikin masu ƙarar.

To ka gani, ɗan'uwa mai karatu, watanni 8 ne cif tsakanin ranar da aka fara gwada dashen hanta da ranar da kotu ta buɗe mana ƙofar asibiti. Ba a yin dashen hanta a Greensboro. Mai bukata kan tafi asibitin Jami'ar Duke a Durham, wanda ya fara aikin a tsakiyar shekarun 1980, ko na Jami'ar Karolina ta Arewa a Chapel Hill, dukansu tafiyar kamar awa guda a mota, ko kuma Charlotte. Amma hukuncin da ya fito daga ƙarar Greensboro yana cikin tubalan da suka sa duk waɗannan ƙofofi suke a buɗe ga ɗan Maradi da ɗan Zariya a yau.

Shekaru Ashirin Ana Neman Magani

Bayan nasarar 1967, hannun likitoci ya faɗa da yanka da ɗinki, amma majiyyata ba su daina mutuwa ba. Dalili kuwa shi ne garkuwar jiki. Allah ya halicci jikin mutum da dakarun da ke kai hari ga duk wani baƙon abu, kuma a wurinsu sabuwar hanta baƙuwa ce. Magungunan da ake da su a lokacin, in an ba da kaɗan jiki ya ƙi hantar, in an ba da da yawa ƙwayoyin cuta su kashe mutum. Har ƙarshen shekarun 1970 waɗanda ke kai shekara guda bayan dashe ba su kai 1 cikin 3 ba.

Mafita ta fito daga inda ba a zata ba. Ma'aikatan kamfanin magani na Sandoz da ke Basel ta Suwizalan sun samo wata irin fumfuna a cikin ƙasar da aka ɗebo daga Norway, daga cikinta aka fitar da maganin saikulosforin. Calne ya fara gwada shi a ƙarshen shekarun 1970, Starzl kuma, wanda ya koma Pittsburgh a 1981, ya haɗa shi da wani maganin rage kumburi. Nan da nan masu kai shekara guda suka doshi 7 cikin 10. A 1983 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da maganin, a wannan shekarar kuma wani taron ƙwararru da cibiyar binciken lafiya ta ƙasa ta kira ya bayyana cewa dashen hanta ya tashi daga gwaji ya zama magani. Daga 1963 zuwa 1983, shekara 20 ke nan. Sannu ba ta hana zuwa.

Daga nan abubuwa suka yi ta zuwa bi da bi. A 1984 majalisar Amurka ta yi dokar da ta haramta sayar da sassan jiki, ta kuma kafa tsarin rabo na ƙasa baki ɗaya. A ƙarshen shekarun 1980 masana a Jami'ar Wisconsin suka haɗa wani ruwan sanyi da ya ƙara tsawon lokacin da hanta za ta iya yi a wajen jiki. A 1988 wani likita a Hannover ta Jamus ya raba hanta ɗaya ya sa wa mutum biyu. A 1989 aka ci nasarar yanko wani ɓangare daga hantar uwa mai rai aka sa wa ɗanta, da farko a Brisbane ta Ostireliya, sannan a Chicago. Wannan ya yiwu ne saboda wata baiwa da hanta ke da ita: idan aka yanke wani sashe nata, cikin makonni takan sake tohowa ta kusa cike gurbinta. Daga Japan kuma aka samo maganin takrolimus, wanda aka amince da shi a Amurka a 1994, kuma shi ne jigon magungunan da ake ba masu dashe har yau.

Sauran rina a kaba shi ne adalci wajen rabo. A da, daɗewa a layi tana da nauyi sosai, wanda hakan ke fifita mai gata da ya ga likita da wuri. A 2002 aka kawo ma'aunin MELD, wanda ke amfani da sakamakon gwajin jini ya ba mutum maki daga 6 zuwa 40, mafi tsananin ciwo shi ke gaba. Wani bincike da likitocin Duke suka wallafa a 2008 ya nuna cewa bayan zuwan wannan ma'auni, giɓin da ke tsakanin baƙi da fari wajen mutuwa a kan layi ya gushe, amma mata sun ci gaba da zama a baya. A 2023 aka sake gyara ma'aunin domin rage wa mata wannan rashi. A wannan shekarar ta 2023 an yi dashen hanta sama da 10,000 a Amurka.

Ina Ruwanmu da Wannan Tarihi?

Ruwanmu da shi mai yawa ne. A Amurka, barasa da kitsen hanta su ne kan gaba wajen kai mutane dashe, musamman tun da aka samu maganin da ke warkar da ciwon hanta nau'in C daga 2013. A ƙasashenmu kuwa babban abokin gaba shi ne nau'in B, wanda Baruch Blumberg ya gano alamarsa a jini a tsakiyar shekarun 1960, har ya samu kyautar Nobel a 1976. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da shi a duniya, kimanin miliyan 65 daga cikinsu a nahiyarmu. Wani babban bincike da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano cewa kusan kashi 8 cikin 100 na manya suna da shi.

Akwai wani kuskuren fahimta da ke sa mutane ɓoye wannan ciwo, wato ɗaukar cewa sai ta hanyar lalata ake samun sa. A yankinmu akasari tun ana yara ake kamuwa, daga uwa lokacin haihuwa, ko tsakanin yara a gida, ko ta askar da aka yi wa wani amfani da ita ba a tsabtace ba. Jaririn da ya kamu, 9 cikin 10 cutar kan zauna masa har girma, alhali baligin da ya kamu yawanci jikinsa kan kore ta. Sai ta yi shekara 20 ko 30 tana cin hanta a ɓoye, mutum yana ƙwallo yana karatu ba ya jin komai. An samu allurar rigakafi tun farkon shekarun 1980, Gambiya ta fara yi wa jarirai a 1986, amma sai a 2004 ta shiga jerin alluran yara a Najeriya, Nijar kuma bayan haka. Ma'ana, da yawa daga cikinmu da yayyenmu da iyayenmu mun taso ba rigakafi.

Ga kuma gyada. A 1960 talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyadar da aka kawo daga Birazil. Bincike ya gano wata guba, afulatoksin, da fumfuna ke fitarwa a jikin gyada da masarar da aka adana da danshi. Mu jikokin masu dalar gyada, masu ƙuli-ƙuli da kunun gyada, ya kamata mu san cewa idan wannan guba ta haɗu da ciwon hanta nau'in B, haɗarin dajin hanta kan ninka sau da yawa. Ikon Allah, fumfuna ce ke ɓata hanta a rumbu, wata fumfunar kuma ta ba da maganin da ya sa dashe ya yiwu.

A farkon zamanin dashe, masu nau'in B ba su cika samun shiga ba, domin cutar kan dawo ta cinye sabuwar hantar. Wannan ya canja a shekarun 1990 da zuwan allurar kariya ta musamman da maganin lamibudin, daga baya kuma entekabir a 2005 da tenofobir a 2008. A yau sakamakon dashensu yana cikin mafi kyau.

Abin da Majiyyaci Zai Tarar

Zango na farko shi ne tantancewa. Za a yi kwanaki ana gwajin jini da hoton ciki, a duba zuciya da huhu da haƙora, a gana da likitan ƙwaƙwalwa da jami'in walwala da mai lissafin kuɗi. Rashin zama ɗan ƙasa ba ya hana a sa mutum a layi, amma asibiti zai so ya ga yadda za a biya kuɗin aikin da na maganin bayansa. Don haka ina kira ga kowane ɗalibi ya zauna ya karanta takardar inshorarsa tun yana lafiya. Akwai kuma sharaɗin da ke ba mutanenmu mamaki: dole majiyyaci ya gabatar da mai jinya tsayayye, wanda zai kasance tare da shi dare da rana na makonni, ya tuƙa shi zuwa asibiti, ya lura da maganinsa. Wanda ba shi da kowa, ana iya jinkirta sa shi a layi. A gida dangi ne ke cika ɗakin mara lafiya har nas ta kore su. A nan kuwa kowa na fama da aiki da aji, shi ya sa wannan nauyi ya hau kan ƙungiyoyi irin tamu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Zango na biyu jira ne. Wani kwanaki, wani watanni, wani fiye da shekara, gwargwadon makinsa da rukunin jininsa da girman jikinsa. Waya ba ta mutuwa, jaka na ɗaure a bakin ƙofa. Yakan faru a kira mutum cikin dare, ya isa asibiti, sannan a ce hantar ba ta dace ba ya koma gida. Wannan ba wulaƙanci ba ne, kariya ce.

Ranar aiki, za a sa mutum barci gaba ɗaya, kuma fiɗar kan ɗauki awa 6 zuwa 12. Likita zai yi dogon yanka a saman ciki, ya raba tsohuwar hanta da jijiyoyinta ya fitar da ita tare da matsarmama, ya ɗora sabuwa a gurbinta. Sai ya ɗinke babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, da wadda ke kawo jini daga hanji, da ƙaramar jijiyar da ke kawo jini daga zuciya, daga ƙarshe ya haɗa hanyar ruwan matsarmama. Sau da yawa akan yi ƙarin jini. Majiyyaci zai farka a ɗakin kulawa ta musamman, wataƙila da bututun numfashi a maƙogwaro da wasu robobi a ciki masu fitar da ruwa. Iyali kada su firgita da ganin haka, cikin kwanaki ake cire su ɗaya bayan ɗaya. Tun rauni bai warke ba ma'aikatan jinya za su tashe shi ya taka, domin kwanciya na jawo ciwon huhu da gudan jini. Idan komai ya tafi daidai, mako ɗaya zuwa biyu ake sallama.

Zango na ƙarshe shi ne wanda ba ya ƙarewa. A farko gwajin jini sau ɗaya ko biyu ne a mako, daga baya a riƙa ragewa. Ba tuƙi, ba ɗaukar kaya mai nauyi sai likita ya yarda. Yawanci cikin wata 3 zuwa 6 mutum kan koma karatu ko aiki, wani kuma sai ya kai shekara kafin ƙarfinsa ya dawo sosai. Ba abin mamaki ba ne a watannin farko gwaji ya nuna jiki ya fara faɗa da hantar, kuma akasari ƙarin magani na kwantar da shi. Maganin danne garkuwa kuwa har abada ne, a kan lokaci, ba fashi. Yana da nasa illoli: rawar hannu, hawan jini, ciwon suga, raunin ƙoda, da saurin kamuwa da cuta. Duk da haka, kusan 9 cikin 10 na kai shekara guda, kimanin 3 cikin 4 na wuce shekara 5, akwai kuma masu shekara 20 da 30 da hantar wani a cikinsu, har mata suna haihuwa bisa kulawar likita.

Akwai wasu abubuwa da suka shafe mu musamman. Jiƙo da sassaƙe da duk wani maganin gargajiya da aka aiko daga gida, a ajiye su, domin suna iya rikita aikin maganin dashe ko su ƙona hantar. Haka nonon da ba a dafa ba, da naman da bai gasu sosai ba, da lemun garehul, wato babban lemun nan mai ɗaci, wanda ke sa takrolimus ya taru a jini. Shi wannan magani yawanci sau biyu ake sha a rana, awa 12 tsakani, saboda haka maganar azumi sai an zauna da likita da malami. Allurar shawara kuma, wadda ake neman katinta a filayen jirgin ƙasashenmu, ba a yi wa wanda aka danne garkuwarsa, don haka mai niyyar zuwa gida wata rana ya tayar da zancen tun kafin a yi masa dashe.

Hantar Wa?

A Amurka mafi yawan hantar da ake dasawa na fitowa ne daga mamatan da suka yi rajista tun suna raye, ko iyalinsu suka amince. A Indiya kuwa, inda mutanenmu da yawa daga Kano da Yamai ke zuwa, akasari daga mai rai ake ɗauka, kuma dokar ƙasar ta 1994 ta sa sai an tabbatar da dangantaka ko wani kwamiti ya amince cewa ba ciniki a ciki. Mai bayarwa ga baligi kan rasa fiye da rabin hantarsa na ɗan lokaci, zai yi kamar mako guda a asibiti, kuma akwai haɗari, ko da yake ba mai yawa ba. Don haka kyauta ce da ba a tilasta wa ɗa ko ƙane ko mata.

Ta fuskar addini, malamai sun daɗe da duba lamarin. Majalisar manyan malaman Saudiyya ta yi fatawar halacci a 1982. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar sashen jiki daga mai rai idan ba zai halaka shi ba, da kuma daga mamaci idan shi ko magadansa sun yarda, da sharaɗin kada a yi ciniki. Majalisar fiƙihu ta Arewacin Amurka ta bi wannan sahu a 2018. Akwai malaman da ke da saɓanin ra'ayi, musamman kan ɗauka daga wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu alhali na'ura na riƙe da numfashinsa, kuma kowa na da damar tambayar malamin da ya natsu da shi. Abin da nake ganin bai dace ba shi ne mu riƙa miƙa hannu muna karɓa, amma ko tattauna bayarwa ba ma yi a tsakaninmu.

Kammalawa

Starzl ya rasu a 2017, Simkins kuma tun 2001. Ɗaya ya bar mana aikin da a da ake ganin ba zai yiwu ba, ɗayan ya bar mana ƙofa a buɗe. Amma duk wanda ya karanta abin da mai dashe ke sha zai yarda da magabata cewa rigakafi ya fi magani. A 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da shawarar kowane baligi ya yi gwajin ciwon hanta nau'in B ko da sau ɗaya a rayuwarsa, balle mu da muka fito daga inda ya fi yawa. Gwajin jini ne kawai, ana iya neman sa a asibitin makaranta. Wanda ba shi da ciwon ya yi rigakafi. Wanda yake da shi ya riƙa ganin likita a kai a kai, domin akwai ƙwayoyin da ke danne cutar su hana ta kai hanta ga lalacewa. Masu iyali su tabbata an yi wa jariri allura cikin awa 24 da haihuwa kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, su kuma isar da wannan saƙo gida idan sun buga waya.

Ina kuma ba shugabannin ƙungiyarmu shawara su buɗe rajistar masu sa kai, waɗanda za su iya karɓa-karɓar jinya da tuƙi idan wani ɗan'uwa ya shiga layi, don kada a wayi gari an jinkirta wa wani namu dashe saboda rashin mai zama da shi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara mana ita, ya kuma ba mu sa'ar abin da muka zo nema. Wassalam.